Hancin Gidanmu

Duk jaririn da aka haifa a gidanmu, kafin ranar suna sai Goggo ta zo ta yi masa rabo. Ƙanwar mahaifinmu ce, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Takan karɓi yaron ta fita da shi bakin ƙofa inda haske yake, ta yaye zanen, ta soma lissafi: hanci dai na gidanmu ne, goshi na Malam ne, wannan kunne mai faɗi kamar faifai kuwa na Inna ne, Allah ya jiƙanta. Har tafin ƙafa sai ta juya ta duba. In ta gama kwashe duk abin da ya yi mata, sai ta miƙa wa mai jego ɗanta ta ce, “Ke kuma kin ba shi kuka.” A kwashe da dariya. Mai jegon ma takan yi murmushi ta sunkuyar da kai, don ba a jayayya da Goggo, balle a kan hanci.

Na girma ina kallon wannan rabo, ban taɓa tambayar kaina me ya sa muke kiransa da sunan da muke kiran rabon gida da gona ba. Gado. Kalma ce da rubutun boko ya cuta. Gadon kwanciya da gadon dukiya baki ya bambanta su, ɗaya wasalinsa gajere ɗaya dogo, karin sautin ma ba ɗaya ba, amma a takarda sun zama tagwaye. Haka “ya gaji”: sai ka karanta abin da ya biyo baya kafin ka san ko ubansa ya gada ko kuwa ƙarfinsa ne ya ƙare. Masu ajami ba su da wannan damuwa, alif ɗaya ya raba gardama. Wani abokina yakan ce ai ba kuskure ba ne, duk wanda ya gaji ubansa sai ya gaji.

Gadon dukiya muna da ilminsa, har da kalmominsa na musamman: tumuni, rubu'i, sudusi, sulusi. Ba a taɓa shi sai mai shi ya kwanta dama. A biya bashi, a fitar da wasiyya, sannan a ɗauko Liman ya zauna a zaure da alƙalami, ya cire wa matar mamaci tumuninta, ya ba ɗiya kaso ɗaya ɗa namiji biyu. Abin da wannan ya ɗauka ya fita daga hannun wancan. Gonar da ta ciyar da gida guda, kafin ta ratsa jikoki ta koma kamar shimfiɗar tabarma. Gadon jiki kuwa da ran iyaye ake karɓarsa, tun kafin su san an karɓa. Ba ya rage mai bayarwa da komai: mahaifinmu ya ba mu hancinsa mu tara, ya kuma tafi kabari da abinsa. Ba a yafe shi, ba a sayar da shi, ba a kai ƙararsa gaban alƙali. Kalma ɗaya muka aza wa kaya biyu, shi ya sa in muka zo maganar na biyun sai tunaninmu ya bi turbar na farkon, mu ɗauka lallai akwai ɓangaren da ya fi wani kaso.

Da muka nemi sunan abin da ke ɗauko wannan gado daga iyaye, sai muka ce jini. Wane jinin wane ne. Jinin sarauta. Wanda iyayensa suka fito daga ƙabila biyu mu ce ruwa biyu ne. In hali ne ya kama mutum ya ƙi sakinsa, mu ce a nono ya sha. Jini, ruwa, nono, duk abubuwa ne masu gudana, kuma abin da ke gudana in ya gamu da ɗan'uwansa shi ke nan. Zuba nono a fura ki dama, sannan a ce ki ware su. Ba mu kaɗai muka yi wannan zato ba. Masanan Turai ma har cikin ƙarni na 19 yawancinsu damawa suka ɗauki abin. Amma da damawa ce, da dogo da gajere sun haifi matsakaici, matsakaici ya haifi matsakaici, kafin yanzu duk garin ya zama tsawo ɗaya. Da kuma wushiryar kaka ba ta tsallake 'ya'yansa duka ta ɓulla a bakin jika ba. Mun ga irin wannan sau ba adadi, sai mu ce albasa ba ta yi halin ruwa ba mu wuce, ba mu tsaya tambayar halin wa ta yi ba.

Akwai ma abin dariya a zaɓen da muka yi wa jini. Jajayen ƙwayoyin da suka ba shi launinsa suna cikin 'yan ƙalilan ire-iren ƙwayoyi a jikin mutum da ba sa ɗauke da kundin gadon, domin kafin su fito aiki sai sun zubar da cibiyarsu don su sami wurin ɗaukar iska. In aka ɗebi jininka don gwajin DNA, fararen ƙwayoyin ake nema. Yawun bakinka ma ya isa.

Wanda ya fara nuna cewa gado ƙirga shi ake yi, wani malamin coci ne ɗan manoma, Gregor Mendel, a wani gidan ibada da ke birnin Birno, cikin ƙasar da a yau ake kira Jamhuriyar Cek. Daga 1856 zuwa 1863 ya duƙufa shukar fis, koren waken nan da ake watsawa a soyayyar shinkafa. Yakan ɗebi garin furen wannan ya shafa wa wancan da hannunsa, ya rufe furen don kada ƙwari su ɓata masa lissafi. Ya haɗa mai fure shunayya da mai farin fure. 'Ya'yan duk suka fito shunayya, babu ko ɗaya mai launin tsaka-tsaki. Fari ya yi ɓatan dabo. Da ya bar waɗannan 'ya'yan suka yi barbara da kansu, sai ga fari a jikoki, fari tas kamar bai taɓa kwana ɗaki ɗaya da wani launi ba: 705 shunayya, 224 farare. Ya duba launin ƙwayar, ya sami 6,022 rawaya, 2,001 kore. Siffa bakwai ya bi, kowace kusan uku da ɗaya take ba shi.

Abin da ya fahimta shi ne kowace shuka na riƙe da abu biyu game da kowace siffa, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma ba sa narkewa cikin juna. Ɗaya yakan yi rinjaye a gan shi, ɗayan ya noƙe, amma yana nan da ransa yana jiran ranar da zai gamu da irinsa. Mendel ya karanta sakamakonsa a gaban wata ƙungiyar masana ta garinsu a 1865, aka buga a 1866, kusan ba wanda ya kula. Ya mutu a 1884. Sai a 1900 wasu masana tsirrai uku suka iso inda ya tsaya, suka tarar da sawunsa.

Mu da aka karantar da mu hadisi tun muna yara, bai kamata wannan dawowa ta fari ta zame mana baƙuwa ba. Bukhari da Muslim duk sun kawo labarin wani balaraben ƙauye da ya zo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zuciyarsa cike da zargi, don matarsa ta haifi yaro baƙi shi kuwa ba baƙi ba ne. Sai aka tambaye shi raƙumansa: wane launi ne da su, kuma ko akan sami mai ruwan toka a cikin jajaye. Ya amsa akan samu, ya kuma kawo dalilin da bakinsa, cewa wataƙila wata jijiya ce daga can baya ta fizgo shi. Aka nuna masa ɗansa ma hakan na iya zama, ba a ba shi damar kore yaron ba. Kalmar da ta zo a labarin tana nufin jijiya ko saiwa, abu mai tsawo da ke bi ta ƙarƙashi ya ɓullo a nesa. Makiyayi ya san wannan a garkensa, amma da ta zo kan matarsa sai ya manta. Har yau haka muke. Mata da miji baƙaƙe su haifi zabiya, unguwa ta ɗauki tsegumi, alhali kowannensu ne ya zo da rabin abin a ɓoye, daga kakannin da su ma ba su san suna riƙe da shi ba.

Wannan abu mai noƙewa da rinjaye bai sami suna ba sai a 1909, da wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Denmak, Wilhelm Johannsen, ya yanko 'yar gajeriyar kalma daga tushen Girkanci mai nufin haihuwa da asali. Da gangan ya zaɓe ta gajeriya, don yana son sunan da bai ɗauko wani zato a bayansa ba. In muka rubuta ta yadda kunnenmu ya ji, “jin” za ta fito, ta faɗa cikin jin magana da jin daɗi da jin jiki ta ɓace. Shi ya sa gidajen rediyo suka koma ga ƙwayar halitta. Sai dai sun ɗora wa wannan suna kaya fiye da ƙima: ɗan ƙaramin ɗakin da aka gina jiki da shi ƙwayar halitta, abin da ke cikin ɗakin ƙwayar halitta, DNA ma ƙwayar halitta. Ita kanta ƙwaya ta sha wahala a bakinmu. Ta hatsi, ta ido, ta magani, ta cuta, ta zarra, ga kuma wadda ta lalata mana samari. Duk da haka ina ganin ta fi jini dacewa nesa ba kusa ba, saboda ƙwaya ana ƙirga ta, kuma in ka zuba gero cikin dawa, mai haƙuri zai iya tsince su. Ni dai a nan zan bar wa ɗakin sunan ƙwayar halitta, abin da Mendel ya gano in kira shi ƙwayar gado.

Inda ƙwayoyin gadon suke zaune kuwa sunansa kuromosom, kuma labarin sunan zai yi wa marinan Ƙofar Mata daɗi. Masu duba ƙwayar halitta da madubin ƙara girma sun lura cewa in suka ɗiga mata rini, akwai wasu 'yan zarurruka a cibiyarta da suka fi komai kama launi. A 1888 wani likitan Jamus, Wilhelm Waldeyer, ya haɗa kalmomin Girkanci biyu, launi da jiki, ya raɗa musu. Jiki mai shan rini, ma'anar ke nan. Sunan bai faɗi aikinsu ba, don a lokacin ba a tabbatar da aikin ba. Abin da suka yi a karofi kawai ya faɗa. Ƙirga su ma sai da aka sha fama. Tun shekarun 1920 aka ce na mutum 48 ne, littattafai suka kwafa, ɗalibai suka haddace, masu dubawa suka riƙa ganin 48 domin abin da aka ce su gani ke nan. Sai a 1956, a garin Lund na ƙasar Suwidin, Joe Hin Tjio da Albert Levan suka baza su sosai suka ƙirga, suka sami 46. Shekara talatin ana gadon kuskure daga malami zuwa ɗalibi. Wannan ma gado ne.

Kowane kuromosom zare ne ɗaya na DNA, an naɗe shi an ƙudundune. In aka warware na ƙwayar halitta guda aka jona, zai kai wajen mita biyu. Rubutu ne da baƙaƙe huɗu kacal, A da C da G da T, kimanin biliyan 3 a kwafi ɗaya, kuma a cikinsa akwai ƙwayoyin gado wajen 20,000 a jere kamar 'ya'yan carbi, sai dai tazarar da ke tsakaninsu ta fi su yawa ƙwarai. Guda 46 ɗin nan bibbiyu suke, ƙafa 23 kamar takalma. Ƙwan mace na ɗaukar ɗaya daga kowace ƙafa, maniyyin namiji ma haka, 23 su gamu da 23. Kafin a raba su kuma sai kowane biyu sun rungumi juna sun yi musayar gutsattsari, don haka zaren da mahaifina ya ba ni ɗinki ne, wani yanki na Malam wani na Inna. Ko ba a sa wannan musaya a lissafi ba, mutum ɗaya na iya fitar da haɗi iri daban-daban sama da miliyan 8. Shi ya sa mu tara ba wanda ya zama kwafin wani. A nan Goggo na da gaskiyarta: kunnen jariri na iya ɗauko na Inna. Hanci dai, da tsawo, da launin fata, ba aikin ƙwaya ɗaya ba ne, taron dangi ƙwayoyi masu yawa suke yi musu, shi ya sa a ido suke kama da damammen abu.

Inda Goggo ta kauce shi ne wajen kaso. A wannan rabo babu tumuni babu sudusi. Rabi na uwa, rabi na uba, ko da uban sarki ne uwar baiwa. In ma za a bi diddigi, uwa ce ke da ɗan ƙari. Akwai wasu 'yan injinan ƙarfi a cikin ƙwayar halitta masu nasu ƙwayoyin gado 37, waɗanda ta wajen uwa kaɗai ake samunsu. Ɗa namiji kuma daga uwarsa yake karɓar kuromosom ɗin da ake kira X, mai ɗauke da ɗaruruwan ƙwayoyin gado, daga ubansa ya karɓi Y, ɗan guntu mai 'yan gomomi. Muna kiran yaro da sunan ubansa, muna cewa daga tsatson wane ya fito, amma a ma'auni ɗan uwarsa ne da ɗan rinjaye.

Wannan ɗan guntun Y shi ne ke sa ciki ya zama namiji, kuma mace ba ta da shi balle ta bayar ko ta hana. X gare ta guda biyu, duk ƙwan da ta saki X ne. Namiji ne rabin maniyyinsa ke ɗauke da X rabi Y. Mace ce ma, Nettie Stevens 'yar Amurka, ta gano wannan bambanci a 1905 a jikin wani ƙwaro mai cin gari. Shekara fiye da ɗari ke nan, amma har gobe akwai matar da ake yi wa kishiya, ko gori, ko a ba ta takardarta, wai ta cika gida da mata. Shi ma mijin ba laifinsa ba ne, ba ya zaɓa. Amma in dole sai an nuna wani da yatsa, an nuna wadda ko hannunta babu a ciki.

Wani kayan kuma da muka aza wa gado shi ne sana'a. Muna bambanta ɗan gado da ɗan haye, a maƙera da mahauta da gidan wanzamai da gidan sarauta. Gudun barewa kam yana cikin zarenta, shi ya sa ɗanta ba ya rarrafe. Ƙira ba ta cikin zaren kowa. Ɗan maƙeri ya iya ta ne don a bakin zuga ya buɗe ido. Wanzami ya fi kowa sanin abin da jiki ya koya ba ya bin haihuwa. Ya yi wa kaka zane da kaciya, ya yi wa uba, aka haifi jika da fuska sumul, dole ya sake wasa askarsa.

Duk wannan karatu ne a wurina har sai da ɗan Yayana na biyu ya kai wata takwas. Hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura suntum, ko taɓa shi aka yi sai ya canyara ihu. Aka ce haƙori ne, aka ce shawara ce, aka jiƙa wannan aka shafa wancan. Da aka je asibiti aka ɗebi jini, likita ya ce sikila ce. Ya bayyana mana cewa jariri na zuwa da wani irin sinadarin jini na zaman ciki wanda ke kare shi a watannin farko, sai ya fara ja baya sannan cutar ke nuna kanta. Da labari ya iso gida, Goggo, wadda ta karɓe hancin yaron nan da goshinsa da kunnensa a bakin ƙofa, ta tafa hannu ta ce, “Wannan kam ba a gidanmu ba. Mu ba mu gaji wannan ba.” Matar Yaya tana zaune da yaron a cinya. Ba ta ce uffan ba.

Sunan da muka sani tun da shi ne amosanin jini, daga amosani, ciwon nan mai cin ƙashi da gaɓoɓi lokacin sanyi. Sikila baƙuwa ce, daga kalmar Ingilishi mai nufin lauje. Wani likita a Shikago, James Herrick, shi ya fara bayyana ta a rubuce a 1910, bayan an duba jinin wani ɗalibi ɗan tsibirin Giranada aka ga jajayen ƙwayoyinsa sun lanƙwashe kamar lauje maimakon su zama kamar faifai. Mu Afirka ta Yamma mun daɗe da saninta ba da madubi ba. A Gana sunayenta a harsuna da dama kwaikwayon yadda take gurgurar ƙashi ne, kuma likitan nan na can, Felix Konotey-Ahulu, ya bi sawunta a danginsa har zuwa 1670. A tsakiyar shekarun 1950 Vernon Ingram ya gano a Kambirij cewa bambancin sinadarin jinin mai sikila da na mai lafiya bulo ɗaya ne tak a cikin ginin. A rubutun gado kuwa baƙi ɗaya ne, a kan kuromosom na 11, inda A ta koma T. Ɗigo ɗaya a cikin biliyan 3. Saboda shi ƙwayar da ya kamata ta yi kwana 120 tana aiki sai ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20, kafin ta mutu kuma ta maƙale a ƙananan hanyoyin jini ta hana yaro barci.

Mai ɗauke da kwafi ɗaya na wannan baƙi, wanda ake rubuta wa AS, lafiyarsa lau. Sai an sami biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, sannan a zama SS. Ba yadda za a yi ɓangare ɗaya ya kawo ta shi kaɗai. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya AS ne, kuma ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce ana haifar jarirai wajen 150,000 da cutar kowace shekara a ƙasar, fiye da ko'ina a duniya. Dalilin yawanta shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. A 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa yaro mai AS ya fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Wato a ƙasar da sauro ke kwashe yara kowace damina, masu wannan baƙi su suka fi tsira har su yi aure su haihu. Abin da muke kira mugun iri shi ya tsallakar da kakanninmu.

Yanzu kalmar da ta shiga bakin kowa ita ce jinotayif. Shi dai Johannsen ɗin nan ne ya ƙirƙiro ta, ba ta da wata alaƙa da jininmu na Hausa, amma kunnen Bahaushe ya ji “jini” a farkonta ya karɓe ta kamar 'yar gida. Har takan rikice wa mutane da rukunin jini, su A da B da O da ake dubawa kafin ƙarin jini. Ka tambayi saurayi jinotayif ɗinsa ya ce maka O ne. Tun 2024 jihar Kano ta sa dokar yin gwaji kafin ɗaurin aure, kuma a masallatai da dama sai an nuna takarda. Daga nan aka sami wata jimla da nake jin nauyinta duk sanda aka faɗe ta: jininsu bai haɗu ba. A Hausar da muka tashi da ita, jini ya haɗu ana faɗarsa ne in ka ga mutum ka ji ya kwanta maka tun kafin ya yi magana. Yau ga saurayi da budurwa, jininsu ya haɗu tun shekara uku, an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, sai wata 'yar takarda ta ce bai haɗu ba. Kuma abin da takardar ke nufi shi ne ya yi kama da yawa, AS da AS. Da ɗayansu AA ne, wato ba ya ɗauke da wannan baƙi ko kwafi ɗaya, da an sha biki.

Wasu sukan ce ai ɗaya ne cikin huɗu, za mu haifi uku mu tsaya. Ko kuwa tunda na fari ya zo da ita, ukun da ke tafe sun kuɓuta. Ba layi ba ne. Na taɓa gwada wa Goggo da goro. Na sa fari ɗaya ja ɗaya a aljihun dama, na ce wannan uba ne. Fari ɗaya ja ɗaya a na hagu, wannan uwa. Na ce ta sa hannu biyu ba tare da ta duba ba ta zaro ɗaya-ɗaya, in duka ja ne yaro ya kamu, sannan mu mayar mu sake. Aljihu ba ya tuna abin da aka zara ɗazu. Ta zara sau shida, ja biyu suka fito sau biyu a jere. Ta jefa ɗaya a baki ta ce, “Kai dai ɗan boko ba ka rasa abin faɗa.”

Aka gwada Yaya, AS. Aka gwada ni, AS. Umma mahaifiyarmu ta ce ita ma a ɗebi nata, ya fito AA. Alhaji mahaifinmu ya riga mu gidan gaskiya shekara shida kafin nan, ba a taɓa gwada shi ba, amma lissafin bai bar wata ƙofa ba. Ba wanda ya iya zuwa ya gaya wa Goggo, sai Umma ta ce ni da na iya wasan goro in je.

Na same ta bayan la'asar tana tsince shinkafa a faranti. Na faɗa mata a hankali, ina kewaye-kewaye. Ba ta ɗago ba. Can sai ta ce su bakwai Inna ta haifa, ba huɗu ba kamar yadda muka sani. Akwai biyu kafin Alhaji, ɗaya bayanta. Ba wanda ya kai shekara biyar. Na bayan nata ta tuna shi sarai, don ita ke goya shi: idonsa kamar an ɗiga masa rawaya, in hunturu ya shigo ya kwana yana kuka yana riƙe da ƙafa, Inna tana gasa masa da tsumma. Aka ce wabi ne. Har kunne aka tsaga wa na ƙarshen don in ya dawo a gane shi.

Na ce ko za ta bari a gwada nata. Ta ce jinin tsufa ba na awo ba ne. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta, tana ware tsakuwa gefe ɗaya da ɗan yatsa.

“Allah ya jiƙan Alhaji,” in ji ta. “Ranar da Liman ya zo rabo, har buta sai da aka sa a lissafi. Wannan bai faɗa ba.”

Da na tashi tafiya ta shiga ɗaki ta fito da wani bargo mai kauri, cikin kayan da ta zo da su daga Makka, ko ledarsa ba a cire ba. Ta ce in biya in kai wa matar Yaya, in ce mata sanyi ya kusa, a riƙa rufe mata kunnen Inna.